Ranar da Benen Alhaji Ya Kulle Surukaina

Na sha mantawa da abubuwa a rayuwa, har da ranar haihuwata, amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da manya suka zauna nema mini aure ba. Da ana iya goge rana ɗaya daga kwanakin mutum yadda ake goge hoto a waya, da tuni na danna mata yatsa. Tun da ba a iyawa, gara in ba da labarin da bakina, domin masu ba da shi a Mubi suna zuba masa gishirin da ya fi miyar yawa.

Ni ne mai kula da benen Alhaji Modu. Alhaji mutumin Barno ne, ɗan kasuwar wake da gyaɗa, ya daɗe a Mubi har Hausarsa ta koma irin tamu. Benen nasa shaguna ne a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, can sama kuma ɗakin taro da ɗan ofishina. Lokacin da ya ɗauke ni aiki, janareto ne sarkin gidan. Tun safe yake ruri har dare, yana shan dizal kamar ba gobe. Tankin ruwa ya cika ya yi ta ambaliya ba mai kashe famfo. Mutum ya kulle ofis ya tafi Yola kwana da kwanaki, ya bar esi tana sanyaya kujeru. Kullum Alhaji cikin mita yake, yana cewa ya gina bene ne don ya huta, sai ga shi ya auro wa kansa ciwon kai.

Ni na lallashe shi aka saka sola da batura. Daga nan na bi gidan ɗaki-ɗaki ina maƙala ƙananan na'urori masu jin motsi da masu auna wuta da ruwa, na haɗa su duka da intanet, suka riƙa kawo rahoto cikin wata manhaja a wayata. Kuma don Allah kada abin da zan faɗa nan gaba ya sa ku raina aikin, domin ya yi kyau. Tanki ya cika, famfo ya tsaya da kansa. Ofis ya zama ba kowa, fitila da esi su mutu. Akwai ranar da waya ta nuna mini famfo yana tashi fiye da ƙa'ida, na bi layi na tarar da bututu ya fashe cikin bango tun kafin ya jiƙa wa mai shagon atamfa kaya. Janareto ya yi shiru har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, daga baya na ba da shawara aka sayar da shi. Alhaji ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Injiniya. (Difloma ce da ni, amma ban taɓa gyara masa ba.)

A nan kan nawa ya fara kumbura. Sau da yawa Alhaji yakan miƙo mini wayarsa ya ce, "Injiniya, saka mini abin nan ni ma in dinga gani mana." Ni kuma sai in juya wayar gaba da baya kamar likita, in ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba za ta ɗauka ba, sai an nemo wata." Za ta ɗauka sarai. Daɗi kawai nake ji a ce duk faɗin benen nan ba abin da ke motsi sai da yatsana.

Hawan sama shi na fi yi wa gata. Na sa aka ɗaure tagogin ɗakin taro da kusoshi don kada sanyi ya tsere. Ƙofar ƙarfen da ke bakin matakala na saka mata makullin lantarki mai gane wayata idan na matso kusa. Maɓallin da ake dannawa daga ciki a fita yana nan cikin kwalinsa, kullum gobe zan haɗa. Makullin hannu kuma na jefa shi a durowar ofishina, don a ganina zamanin yawo da makulli a aljihu ya wuce. Ranar Lahadi ba mai hawa sama sai ni, in na dawo daga coci in duba batura. Saboda haka na tsara cewa ranar Lahadi hawan sama wayata zai bi: in na iso ya buɗe ya kunna komai, in na fita gari ya kashe komai ya kulle kansa. Akwai kuma wani ɗan abu da na ƙara don nishaɗin kaina, wanda zan faɗa in mun iso wurin, don har yanzu bakina nauyi yake yi.

To, a cikin shagunan ƙasa akwai na wani dattijo mutumin Michika mai sayar da iri da maganin feshi. 'Yarsa Kwanye malamar firamare ce, takan zo ta riƙe masa shago in an tashi daga makaranta. Na gyara fitilar shagon nan fiye da yadda kowace fitila ke buƙata. Magana ta yi nisa, babanta ya ce shi ba shi da ta cewa, sai wansa Baba Tizhe ya zo daga gida. Baba Tizhe tsohon hedimasta ne, ba ya magana biyu. Kwanye ta gaya mini tun farko cewa in ya ce a'a, ko babanta ba zai sake buɗe baki ba. Ta kuma gaya mini abin da ya ce da aka ba shi labarina: "Mutum yana danna waya, shi ne aiki? In wayan ya faɗi a ruwa, me yarinyan mu zai ci?"

Da ma a gidan su Kwanye za a zauna, sai iskar da ke share wa damina hanya ta yaye rufin falonsu ana saura 'yan kwanaki. Da Alhaji ya ji sai ya ce ai ga ɗakin taro, ga sanyi, kuma shi ma zai zauna a ɓangarena tun da ubana ya rasu kuma a gabansa nake. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina, yau Baba Tizhe zai zauna cikin aikin hannuna, sanyi ya ratsa shi, ya gane danna waya ma aiki ne.

A al'adarmu da tasu, saurayi ba ya zama wurin da ake nema masa aure. Ba ma zama ba, ko inuwarsa ba a so a gani. Kawu Yohanna, ƙanin mahaifiyata da ya jagoranci mutanenmu daga Bahuli, ya ja ni gefe tun da safe. "Ka jera kujeru ka ɓace," in ji shi. "Kada in ga ƙeyan ka a unguwan nan. In surukai suka hango ka kana leƙe, za su ce yaron ba kunya, shi ke nan ka ɓata mana tafiya."

Na bi umarni sau da ƙafa. Bayan coci na tuɓe kayan kirki, na saka tsohuwar rigar ƙwallo da silifas, na hau da kujeru da lemon kwalba, na saita esi daidai. Da na ji motsinsu a matakala sai na shige ofishina na yi tsit. Sai da suka shiga ɗakin taro suka rufo ƙofa, na ji an fara addu'a, sannan na fito da sanɗa, na sauka, na tare keke. Na ce wa kaina in dai ɓacewa ce, yau zan nuna wa Kawu na iya. Ban tsaya ko'ina ba sai Digil, gonar abokina Bitrus.

Lokacin bazara ne, irin zafin da ko kaza ba ta son taka ƙasa. Na tarar da Bitrus ya bar sharar gona ya fake ƙarƙashin mangwaro. Muka zauna muna shan mangwaro, ni dai ina sha ne kawai ba na jin ɗanɗanonsa, ruwan yana bin gemuna yana sauka kan riga. Tunanina ɗaya, me Baba Tizhe yake cewa yanzu. Ko sau ɗaya ranar Lahadi da tsarin da na yi mata ba su faɗo mini a rai ba. Ni da nake tuna ranar da za a ƙara wa batir ruwa.

Can sai waya ta yi ƙara. Na duba, baban Kwanye ne. Na nuna wa Bitrus, ya girgiza kai irin na wanda ya riga ni aure da shekara guda kuma ya ɗauki kansa malami.

"Kada ka ɗauka," ya ce. "Gwada ka yake yi. Wa ya taɓa ɗaukan wayan suruki ranan neman aure? Ka ɗauka ka ce mishi me, yaya ake ciki?"

Na ga maganarsa da hujja, na bar wayar ta gama kukanta. Ta sake, na sake bari, har ina yaba wa kaina da irin kunyar da nake nunawa. Sai ga kiran Alhaji. Wannan kam na san sakamako ne. Na riƙe wayar ina tattaro ƙarfin zuciya, ina cewa in alheri ne ai ba za a yi saurin kira haka ba. Kafin in gama tattarowa sabis ya ɗauke, don a gonar Bitrus sabis baƙo ne, yakan leƙo ya wuce. Na zauna da mangwaro a hannu, na tabbata an hana ni.

Da sabis ya sake leƙowa, sunan Kwanye ne ya fito. Na ɗauka da sauri.

"Kana ina?" Muryarta a kwance take, kuma na san ta, in ta kwantar da murya haka to abu ya ɓaci.

"Digil."

"Digil. To ka ji da kyau. Ginin ka ya kulle su Baba a sama. Wuta babu, esi babu, ƙofa ya ƙi buɗewa, taga ya ƙi buɗewa. Tun ɗazu suke kiran ka. Baba Tizhe bai sha maganin hawan jini ba, jakan shi yana ƙasa cikin mota. Ina tsaye a bakin matakala yanzu. Ka buɗe."

A take komai ya dawo mini: Lahadi, waya ta fita gari, hawan sama ya kashe komai ya kulle kansa. Benen bai yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da na ce ya yi, shi ya yi.

Na ce mata ta ba ni minti ɗaya, daga nan ma zan buɗe. Na haye kan wani suri ina ɗaga waya sama, Bitrus yana riƙe da ƙafata. Manhaja ta buɗe, ta yi ta juya ɗan da'irar nan, sannan ta ce ba ta ganin ginin. Na sake, haka. A karo na gaba ne na tuna dalili. Cikin tsananin son tsimin wuta, akwatin intanet ɗin gidan ma na saka shi a layin da ke mutuwa ranar Lahadi. Wato na yi gidan da ke toshe kunnensa da kansa in na juya baya. Hanya ɗaya ta rage, in kai wayar da kaina bakin ƙofa, don makullin da nasa ɗan batirin kuma yana gane ta in ta zo kusa. Na duba cajin wayar, ya yi ja.

Makullin hannu fa, za ku ce. Yana durowar ofishina, ofishin a kulle, kuma ko sun fasa ba su san da shi ba. Na so in kira Kawu in gaya masa, amma kowane kira cin caji ne, kuma ban tabbata ma a wace durowar yake ba, ko kuwa na mayar da shi gida. Kashe wayar ma ban isa ba, don na san halinta, in ta mutu tana ja ba ta farkawa sai ta ga caja.

Na yi gudun da ban yi ba tun ina firamare, har bakin titi. Mai keken da na samu dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron rami, kowane rami sai ya rage gudu kamar zai gaishe shi. Na tambaye shi caja, ya miƙo mini wata wadda bakinta bai dace da wayata ba. Na rage hasken fuskar wayar har ba na ganin komai, na rufe ta da tafin hannu biyu kamar hakan zai hana cajin fita. Ina ta lissafin ɗakin nan a raina. Yana ƙarƙashin rufin kwano, rana ta daki kwanon tun safe, tagogi ni na ɗaure su da hannuna, ga dattawa cike, ga mai hawan jini. Na daina tunanin aure ma na ɗan lokaci, na koma roƙon Allah kada a fito da kowa a kwance.

Mun kusa shiga gari sai ga garken shanu ya cika titi, ana kora su wajen kasuwa tun kafin ranarta ta zo. Makiyayin yana tafe da sanda a kafaɗa, ba abin da ya dame shi. Mai keke ya kashe inji ya ce, "Sai haƙuri, ɗana, saniya ba ya jin hon." Na dire, na kutsa ta gefen garken, silifas ɗaya ya tsinke a cikin kashin shanu, na bar shi nan na ci gaba da ƙafa ɗaya a takalmi.

Tun daga nesa na fara jin jiniya. Ita ma ni na saka, don ɓarayi, in aka jijjiga ƙofar ƙarfe da ƙarfi ta tashi, kuma da nata batirin. Duk wanda ya zauna a Mubi ya san mutanenmu ba sa wasa da jiniya, mun ga tashin hankali a shekarun baya. Na tarar masu shagunan da ke buɗe sun ja ƙofofinsu, mata suna janye yara, 'yan sintiri sun zo da sanduna, jama'a sun cika gaban bene kowa da nasa labarin. An ɗauko mai walda ya yanka ƙofa, yana tsaye da kayan aikinsa yana tambayar ina janareton gidan. Ban tsaya na gaya masa wanda ya sa aka sayar ba.

Wani ya hango ni ya ce, "Ga shi nan," sai taron ya dare. Kwanye tana bakin matakala da jakar Baba Tizhe a hannu. Ta dube ni daga rigar da mangwaro ya ɓata zuwa ƙafar da ba takalmi, ta matsa mini na wuce, ta biyo ni. Ina hawa ina jin bugun ƙofa daga ciki, da muryar Kawu Yohanna yana kiran sunana da cikakkensa, irin kiran da ba a yi mini tun ina yaro. Na isa, na ɗaga wayar. Makulli ya yi ƙas. Jiniya ta yi shiru, fitilu suka kama, esi ta fara huci. Na tura ƙofa, har na fara sauke ajiyar zuciya.

To, ga ɗan abin nan da na ce zan faɗa. Akwai lasifikoki a hawan sama na taro. Wata Lahadi da ba kowa, na ɗauki muryata, na saka kiɗan ganga a bayanta, na tsara cewa duk ranar Lahadi in ƙofa ta gane ni, a yi mini maraba. Ba wanda ya taɓa ji, don ba wanda ke hawa sama ranar. Ina tsaye a bakin ƙofa, dattawa suna kallona, sai ganga ta tashi, muryata ta cika benen har titi:

"Maigida ya iso! Injiniya ya iso! Giwa ta shigo gari, ƙananan dabbobi a ba da hanya!"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na gani ba. Alhaji Modu, wanda ya gina benen da guminsa, yana tsaye da babbar rigarsa a hannu, la'asar ta wuce shi. Kawu Yohanna ya jiƙe sharkaf, hannunsa yana kan ƙofa. Baban Kwanye ya sunkuyar da kai. Can a kan kujera Baba Tizhe ne, daga shi sai singileti, ana yi masa fifita da kwalin lemo. Surukin da ko haɗa ido ba a yi da shi, ga ni ina kallon kafaɗunsa. Na zube ƙasa don in gaishe su, na zaro waya in kashe abin, sai fuskarta ta yi baƙi. Ta mutu. Shi kuwa kirarin na tsara shi ne ya yi ta maimaitawa har sai na danna, don wani lokacin nakan so in ji sau biyu.

Haka na durƙusa ina cewa, "Baba, ku yi haƙuri," lasifika tana amsawa da "ƙananan dabbobi a ba da hanya." A ƙasa na ji an fashe da dariya, wadda ta fara daga 'yan sintiri ta bi titi. Na tashi da gudu na fizge wayar lasifikar daga bango, sai da filasta ta biyo ta.

Alhaji ne ya fara motsi. Ya saka rigarsa, ya zo zai wuce ni ya je ya yi alwala, ya ɗan tsaya ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, maigida." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwanye ta wuce ni ta miƙa wa Baba Tizhe maganinsa da ruwa, ta fita ba ta dubi kowa ba, don ita ma bai kamata a gan ta a wurin ba. Ya sha. Ya saka rigarsa, ya ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, ya gyara hula. Ni ina durƙushe, ina jin warin kashin shanu yana tashi daga ƙafata yana bin sanyin esi.

"Kai ne yaron," ya ce.

"Ni ne, Baba."

"Mun gama magana tun kafin wuta ya ɗauke. Alhaji ya yabe ka, kawun ka ya yi magana mai kyau, na ce mun ba ka." Na fara ɗago kai. "Yanzu na janye."

Kawu ya buɗe baki, Baba Tizhe ya ɗaga masa hannu.

"Ba don zafi ba. Na yi noma a rana tun ba a haife ka ba. Ba don waƙan giwa ba, kowane saurayi da haukan shi. Abin da na gani, mai gida yana ciki, wayan shi a hannu, bai iya buɗe ƙofan gidan shi ba. Na tambaye shi, ya ce kai kaɗai ka sani. Kai ka shirya gida yadda in ka fita, wanda yake ciki ba iska, ba haske, ba hanya, sai ka dawo. In na ba ka Kwanye, haka za ka shirya mata?"

Duk dariyar da aka yi mini a ranar ba ta taɓa ni kamar wannan tambayar ba, domin gaskiya ce tsirara, kuma ni kaina ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na ji hawaye yana neman zubowa, na danne, don abin kunyar ranar ya isa haka.

Ya tashi ya ce zai sake zuwa bayan girbi, in ya ga dama. Suka sauka suka bar ni da Kawu, wanda ya dube ni ya ce, "Na ce ka ɓace, ban ce ka tafi da iskan mutane ba."

Washegari tun kafin Alhaji ya gama karyawa ina ƙofar gidansa. Na karɓi wayarsa na saka masa manhajar, ta kuwa ɗauka ba ko gardama (kallona kawai ya yi ta saman tabarau). Na koya masa, na koya wa babban ɗansa, na koya wa mai gadi. Na ciro maɓallin nan daga kwalinsa na haɗa, na cire kusoshin tagogi, na mayar da akwatin intanet layin da ba ya mutuwa, na yanka makullan hannu na raba. Benen bai rage aiki ba ko kaɗan, ya ma fi da, don yanzu in tanki ya yi gardama ina Bahuli, akwai mai gani. Alhaji bai kore ni ba. Sai dai ya daina ce mini Injiniya, ya koma Giwa, kuma duk kasuwa ta ɗauka.

Daminar nan ta yi mini tsawo. Kwanye ba ta rabu da ni ba, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta ce maganar tana bakin Baba. Na rame har mahaifiyata ta fara tambayar ko ciwon shawara ne. Bayan an kai amfanin gona gida, ba sanarwa, sai ga Baba Tizhe a bakin bene. Bai neme ni ba. Ya sa Alhaji ya hau da shi sama, ya ce a rufe ƙofar ƙarfe, ya danna maɓallin ciki da yatsansa, ta buɗe. Ya tura taga, ta buɗe. Ya ce Alhaji ya kashe fitila da wayarsa, Alhaji ya kashe ya kunna, yana murmushi kamar shi ya ƙera ta. Daga nan ya sauka ya shiga shagon ƙaninsa. Da yamma aka aika wa Kawu cewa ya zo a sa rana.

Ranar biki, bayan an fito daga coci, ya kira ni gefe ya ce in ba shi makullin gidan da na kama mana. Na ciro guda biyun da ke jikin zobe na miƙa, ina zaton zai sa albarka ya ba kowa ɗaya. Ya kira Kwanye ya danƙa mata duka biyun.

Abin da na koya dai shi ne, na'ura ba ta da laifi, halin mai ita take kwaikwaya, kuma ba ta da kunyar da za ta rufa masa asiri. Ni da na so a ce ba ƙofar da ke buɗewa sai da ni, yau in na taso daga aiki tsayawa nake a bakin gidana in ƙwanƙwasa. In ta ga dama ta buɗe nan take. In kuma ranar tsokana ce, sai in ji ta daga ciki tana ce wa 'yarmu, "Matsa gefe, giwa ya shigo gari," ni kuwa ina waje ina jira.